Goggo Tillie da tambayoyi dubu goma sha biyar

A watan Satumba na 1991, lokacin da Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya saki zubin farko na Linux, kwamfuta biyu kacal manhajar ta sani a duk faɗin duniya. A cikin fayil ɗin saitinta akwai layuka biyu, ɗaya an rubuta LINUS_HD, ɗayan LASU_HD. Na farko yana nufin faifan ajiyar kwamfutar Linus mai ƙwaƙwalwar megabait 8, na biyu kuma na abokinsa Lars Wirzenius mai megabait 4. Duk wanda ya zo da kwamfuta ta uku sai ya buɗe fayil ɗin ya rubuta siffar faifansa da hannu. Hatta allon rubutu, tsarin haruffan Finland aka dasa masa. Wannan shi ne saitin Linux baki ɗaya a ranar farko, kuma babu baƙon da za a taimaka wa, domin maƙerin shi ne mai amfani da abin da ya ƙera.

Abin da Linus ya rubuta shi ne ɓangaren da masana ke kira kanel, ma'anarsa ƙwaya, kamar ƙwayar gyaɗa a cikin ɓawonta. Ita ce take tsaye tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji. Ita ke raba ƙwaƙwalwa, ita ke ba kowane shiri lokacinsa, ita ke magana da faifan ajiya da allo da katin intanet ta hanyar ƙananan shirye-shiryen da ake kira direbobi. Zubin farko bai wuce layi dubu goma da 'yan kai ba. A farkon 2025 rubutun tushen ƙwayar ya haura layi miliyan 40, mafi yawansa direbobi ne na na'urorin da mutum ɗaya ba zai taɓa mallakar ko kashi ɗaya cikin ɗari nasu ba. Saboda haka kafin a harhaɗa ƙwaya daga tushe dole a zaɓi abin da zai shiga da abin da za a bari, kuma zaɓuɓɓukan sun wuce dubu goma sha biyar. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. A nan kuwa na'ura ce matambayiya, baƙo ne ake tambaya, shi ne kuma yake ɓata.

Matsalar ta girmi Linux. A zubi na shida na Unix, wanda ya fito daga ɗakunan binciken Bell a Amurka a 1975, akwai wani ɗan shiri mai suna mkconf da ake faɗa wa na'urorin da ke jikin kwamfuta ya tsara teburinsu. A farkon shekarun 1980 masu gina BSD a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka ƙirƙiro shirin config, suka kuma zo da wata dabara da za ta daɗe: fayil ɗin saiti guda mai suna GENERIC, wato na gama-gari, wanda ke ɗauke da direbobi masu yawa, ƙwayar kuma ta laluba da kanta lokacin tashi ta ga wanne ne ke da na'ura a bayansa. Masu wannan aiki a lokacin ma'aikatan jami'o'i ne da kamfanoni, kwamfutarsu ta cika ɗaki, kuma akwai na gaba da su a kujerar kusa. Linux ce ta fitar da aikin daga waɗannan ɗakuna ta kai shi ɗakin kwanan ɗalibi, inda babu kowa a kujerar kusa.

Kafin fitowar zubi na 1.0 a Maris 1994, Linux ta samu umarnin make config. Yana jero tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, mutum ya amsa da e ko a'a, babu komawa baya. Wanda ya yi kuskure a tambaya ta arba'in sai ya ƙarasa sauran ya sake daga farko. Daga baya aka samu amsa ta uku: a gina direba a gefe, a matsayin ɓangaren da za a ɗora sai lokacin buƙata. Wannan ci gaba ne babba, amma shi ya haifi tarkon da ya fi kowanne kama sababbin shiga har yau. Baƙo ya ga cewa ajiye direbobi a gefe yana rage nauyin ƙwaya, sai ya ajiye har da direban faifan ajiyar da manhajar take zaune a kai. Ya kashe kwamfuta ya kunna, ƙwaya ta tashi, ta nemi faifan, ba ta iya karanta shi ba, domin direban da zai karanta faifan yana cikin faifan. An kulle ɗaki, makulli yana ciki. Sai allo ya tsaya cik da saƙon firgicin ƙwaya, cewa ta kasa hawa tushen rumbun fayiloli. Maganinsa ko dai a gina wannan direba a jikin ƙwayar, ko a tanadi ɗan ƙaramin rumbu na wucin gadi da ake ɗorawa a ƙwaƙwalwa tare da ita. Bayanin ba ya wuce jimla biyu, amma an yi shekara talatin ana maimaita shi ga mutum ɗaya bayan ɗaya.

Taimakon farko na rubutu ne. Brian Ward ya rubuta jagorar Kernel HOWTO a tsakiyar shekarun 1990, Axel Boldt kuma ya ɗauki nauyin wani dogon fayil mai suna Configure.help, inda kowace tambaya ke da ɗan bayaninta. Daga wannan al'ada aka gaji ɗabi'ar rufe bayani da shawarar abin da mutum zai zaɓa idan bai tabbata ba. Ƙaramin abu ne a ido, amma a cikinsa akwai amincewa da cewa mafi yawan masu karanta bayanin ba za su fahimce shi ba, kuma duk da haka suna da haƙƙin kwamfutarsu ta tashi. Zuwa zubi na 2.0 a Yuni 1996 an samu make menuconfig, mai jera zaɓuɓɓuka rukuni-rukuni a kan shuɗin allo ana shiga ana fita, da make xconfig mai tagogi. Sai dai kowanne cikin hanyoyin uku yana da nasa shirin da ke karanta dokokin saiti, kuma ba kullum suke fassara su iri ɗaya ba.

Wannan ruɗani ne Eric Raymond, marubucin da ya yi suna wajen yaɗa aƙidar buɗaɗɗiyar manhaja, ya ɗaura ɗamarar gyarawa a shekarar 2000. Ya rubuta sabon tsari mai suna CML2 da harshen Python. Burinsa shi ne tsarin ya san dangantakar kowane zaɓi da sauran, ta yadda ba zai yiwu mutum ya fito da saitin da ke karo da kansa ba. Ya haɗa masa wani shiri da zai duba kayan cikin kwamfuta ya amsa tambayoyin da kansa. Har ma ya yi masa wata fuska ta raha, inda ake saita ƙwaya kamar ana wasan yawo cikin kogo daga ɗaki zuwa ɗaki. A Janairu 2002, don ya kare aikin, ya ƙirƙiro wata mata da ya kira Goggo Tillie, dattijuwa wadda ba ta san komai game da ƙarfen kwamfuta ba, amma tana buƙatar sabuwar ƙwaya don wata matsala ta warware. Ya ba ta ɗan ɗan'uwa mai suna Melvin, wanda ke ɗan taɓa gyaran kwamfuta. Hujjarsa ita ce ya kamata irin waɗannan mutane su iya danna abu guda su samu ƙwayar da ta dace da na'urarsu.

Muhawarar ta yi zafi. Da yawa daga cikin manyan masu gina ƙwayar suka ce Goggo Tillie ba ta da abin yi da harhaɗa ƙwaya ko kaɗan: kamfanonin da ke rarraba Linux, irin su Red Hat da SuSE, da ƙungiyar Debian, sun riga sun gina ƙwaya mai ɗauke da kusan kowane direba a gefe, sun gwada ta, abin da ya rage mata shi ne ta sauke sabon ƙunshi. Wasu suka ƙi jinin a ɗora wa kowane mai gina ƙwaya dole ya mallaki sabon Python. Wasu kuma suka yi ƙorafin cewa sabon tsarin ya sauya halayen da suka saba da su a lokaci guda. CML2 bai shiga ba. A Oktoba 2002, a zubi na 2.5.45, aka karɓi tsarin Roman Zippel, wanda aka rubuta da harshen C, ya haɗe masu karanta dokokin uku ya mayar da su ɗaya, ya kuma ajiye bayanin kowace tambaya kusa da ita. Shi ne Kconfig da ake amfani da shi har yanzu, kuma wasu manyan ayyuka irin su BusyBox da U-Boot sun are shi.

Idan aka waiwaya, masu sukar Raymond sun yi gaskiya game da goggo. Babu dattijuwar da ta taɓa buƙatar menuconfig, kuma duniya ta tafi a kan ƙwayar da wasu suka saita. Game da Melvin kuwa maganarsu ba ta cika ba. Shi ne mai matsakaicin sani, wanda ake kai wa na'ura idan ta ƙi tashi, kuma a kansa ne ake gane ko ilimin zai yaɗu ko zai tsaya a hannun 'yan tsiraru.

A daidai wannan lokaci wasu suna tafiya ta kishiyar hanya da gangan. A Disamba 1999 Gerard Beekmans ya fitar da littafin Linux From Scratch, mai koya wa mutum gina babbar manhaja tun daga tushe, ƙunshi bayan ƙunshi. A ƙarshen Maris 2002 Daniel Robbins ya fitar da Gentoo 1.0, wadda ake harhaɗa kusan komai nata a kan kwamfutar mai ita. Dubban matasa suka shiga, kuma kusan dukkansu a wuri ɗaya suke cin tuntuɓe. Sauran matakan umarni ne da ake kwafa daga jagora. Matakin ƙwaya kuwa ba ya kwafuwa, domin marubucin jagorar bai san abin da ke cikin kwamfutar mai karatu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji masu iya magana, amma wannan mai ɗakin jiya ya tare.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe tsohuwar hanyar koyon sana'a ce. Mutanen Gaya da Ajingi ba baƙinta ba ne: tarihin baka na Abagayawa yana cewa kakansu maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya ya sauka gindin Dala neman tama. A maƙera ba a tarar sabon yaro da tambayar wane irin ƙarfe ya dace da lauje. Ana ba shi zugazugi ya yi ta zuga yana kallo, daga baya a miƙa masa abin da aka riga aka fara ya ƙarasa. Masu taimakon baƙi a duniyar Gentoo, ba tare da sun san Dala ba, nan suka dawo. Sun daina ce wa baƙo ya karanta bayanin tambayoyi dubu. Suna cewa ya kawo abu huɗu: sakamakon lspci, wanda ke jera lambobin kayan cikin kwamfuta, bayanin nau'in kwakwalwar sarrafawa, fayil ɗin da ke nuna yadda aka raba faifan ajiya, da saitin da ya yi ya ƙi tashi. Da waɗannan gogagge zai gano a 'yan mintoci wane direba ne ya ɓace. A ƙarshen shekarun 2000 wani ɗan sa-kai a cikinsu ya mayar da wannan ya zama aiki mai suna Kernel Seeds, wato iri: ga kowane sabon zubi yana fitar da saitin da aka riga aka daidaita ginshiƙansa, aka bar wa baƙo ya ƙara direbobin na'urarsa kawai. Tambayoyi dubbai suka koma 'yan ƙalilan, kuma waɗanda suka rage su ne waɗanda baƙon kaɗai ke da amsarsu.

Kayan aikin ƙwayar ma suka bi wannan layi. Daga zubi na 2.6 a Disamba 2003, ƙwaya tana iya ɗauke da kwafin saitin da aka gina ta da shi, ta yadda wanda ya samu wadda ke aiki zai iya zaro saitinta ya fara daga nan. A 2006 Greg Kroah-Hartman ya wallafa Linux Kernel in a Nutshell, ya kuma bar shi kyauta. Babi mafi amfani a cikinsa shi ne mai nuna yadda ake bin sawun na'ura daga lambarta har zuwa sunan zaɓin da ke kunna direbanta. A Disamba 2009, a zubi na 2.6.32, aka shigar da make localmodconfig na Steven Rostedt, wanda ke duba direbobin da kwamfuta ke amfani da su a wannan lokaci ya kashe sauran. Wani yanki ne na mafarkin Raymond ya dawo ta ƙofar baya, ba tare da hayaniya ba. Yana da nasa tarkon: abin da ba a jona ba lokacin dubawa, kamar filas ko na'urar buga takarda, ba za a gina direbansa ba.

Ga mai tsohuwar kwamfutar cinya a Ajingi, ko ɗalibi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001 aka kuma sauya mata suna zuwa na Aliko Dangote a 2022, wannan umarni ba ƙawa ba ne. Rubutun tushen ƙwaya a matse ya haura megabait 100, kuɗin data ke nan. Gina ta da cikakken saitin gama-gari yana iya cin sa'o'i masu yawa a kan tsohuwar na'ura, fiye da abin da batirin da ya gaji zai ɗauka idan wuta ta ɗauke. Saitin da aka rage yana iya mayar da aikin na ƙasa da sa'a. Sauƙin da ke ciki shi ne shirin make yana ci gaba daga inda ya tsaya, ba ya komawa farko.

Akwai kuma zaɓin da mai Hausa ne kawai zai lura da shi. Filas da katin ajiya da yawa suna amfani da tsarin FAT, kuma ƙwaya ce ke juya sunayen fayilolinsu zuwa haruffan da za a nuna. Jerin haruffan da ta zo da shi a matsayin na asali shi ne iso8859-1, na Yammacin Turai, wanda ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ. Manyan manhajojin da aka riga aka shirya suna rufe wannan giɓi da kansu. Wanda ya gina tasa daga tushe, ya bar zaɓin yadda ya same shi, ya kuma jona filas da hannu, zai ga fayil mai suna ƙasida ya fito da alamar tambaya a gurbin harafin farko. Gyaran shi ne a kunna UTF-8 a saitin. Jagororin da aka rubuta a Turai da Amurka sukan wuce wannan wuri da sauri, domin a wurin marubutansu babu abin da ya lalace.

A Yuli 2012 Linus Torvalds da kansa ya koka cewa manhajojin zamani suna dogara da wasu ɓoyayyun zaɓuɓɓuka da mutum ba zai san yana buƙatarsu ba sai kwamfuta ta ƙi aiki daidai, ya kuma nemi kowace ƙungiya ta rubuta mafi ƙarancin abin da manhajarta ke buƙata. Idan mai LINUS_HD ya fara ɓata a gidan da ya aza harsashinsa, to laifin ba na baƙo ba ne. Gentoo ta ƙara wani rukuni a menuconfig ɗinta da ke kunna waɗannan zaɓuɓɓuka a dunƙule. Wajajen 2020 kuma ta fara ba da ƙwaya da aka riga aka saita, har da wadda aka riga aka harhaɗa, abin da magoya bayanta na farko za su ɗauka tamkar ridda. OpenBSD ta daɗe da yanke nata hukuncin: wanda ya sauya ƙwaya ya kawo ƙara, sai ya nuna matsalar tana nan a kan GENERIC kafin a saurare shi.

Mafi yawan ƙwayoyin Linux da ke aiki a gabashin Kano a yau suna cikin aljihu ne. Kowace wayar Android, har da Tecno da Infinix na kamfanin Transsion da ke Shenzhen, tana tashi ne a kan wannan ƙwaya, kuma wani ya amsa mata tambayoyin nan kafin ta iso kasuwar Ajingi. Shekaru da yawa hanyar ta kasance mai hawa huɗu: ƙwayar asali, sai gyaran Google, sai gyaran kamfanin da ya ƙera kwakwalwar wayar, irin su MediaTek ko Unisoc, sai na mai sunan wayar. Google da kansa ya bayyana cewa abin da ake ƙarawa a hanya yakan kai rabin rubutun ƙwayar da ke cikin waya. Sakamakon haka kowace waya ta zama tsibiri, kuma ranar da kamfani ya daina sabunta ta, ƙwayarta ta tsaya a nan da duk ramukan tsaron da za a gano daga baya. Lasisin GPL, wanda Linux ke ƙarƙashinsa tun 1992, ya wajabta wa duk mai sayar da na'ura da ƙwayar ya ba da rubutun tushenta ga wanda ya saya. A aikace, samun cikakken tushe da saitin wayoyi masu araha yakan yi wuya.

Nan ne Melvin ya sake bayyana, a rumfar gyara a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano da ire-irenta a Wudil da Gaya. Yana da hannu, yana da haƙuri, ya koyi sana'ar a gaban maigidansa kamar yaron maƙera. Yana yi wa waya filashin, wato ya sake zuba mata manhajar da kamfani ya harhaɗa. Abin da ba a ba shi ba shi ne iri. Ba tare da tushe da saiti ba, iyakarsa ya mayar da waya yadda ta fito daga kwali, ba zai iya ɗora mata sabuwar ƙwaya ba. Aikin postmarketOS, wanda Oliver Smith ya fara a 2017 da burin waya ta yi shekara goma tana aiki, ya tanadi umarni na musamman da ke duba saitin ƙwayar da sabon shiga ya kawo ya faɗa masa zaɓin da ya rasa, amma wannan ma sai an samu ƙwayar da za a duba. Daga Android 12 a 2021, Google ya wajabta wa sababbin wayoyi masu ƙwaya ta 5.10 zuwa sama su yi amfani da ƙwaya guda da shi ya saita ya kuma harhaɗa, kamfanoni su ɗora direbobinsu a gefe. Sunan da ya ba ta ya fara da kalmar da masu BSD suka sa wa fayil ɗinsu a Berkeley shekara arba'in kafin nan, Generic.